Labule a sauke, iska a kulle: abin da na gyara a shagona

Shagon gyaran gashin mata a Gombe ba kamar na aski ba ne. Mai aski yana iya wangale ƙofarsa, kowa ya wuce ya ga wanda ke kan kujera. Mu kuwa mace za ta cire mayafi da ɗankwali, don haka dole a sauke labule mai kauri, a turo ƙofa, tagar ma a yafa mata zane. Haka nawa yake a Tudun Wada: ciki ɗaya, draya biyu, fanka a sama. Suturar da muke yi wa matan mutane ita ce ke kulle mu tare da duk abin da muka shafa, muka fesa, muka ƙona.

Kwastoma takan yi awa biyu ta tafi abinta. Ni da 'yan koyona mu ke wuni a ciki. A makon sallah, ko lokacin da amare suka yi yawa, kafin la'asar ido ya kaɗa ya yi ja, maƙogwaro na ƙaiƙayi, kai na sarawa, mu ce gajiya ce da zafin Gombe. Wata yarinyata mai asma ce ta fara rarrabewa. Ta ce, "Anti, ni fa ba kullum ba ne. Ranar da aka ƙona bakin atach ne ƙirjina ke toshewa."

Ta yi gaskiya. Atach roba ne. In kin kara masa leta ko kyandir zai nannaɗe, ya yi baƙin dunƙule mai danƙo a yatsa, siririn hayaƙin ya taso daidai hancin mai kitso, don ita ce a sunkuye. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada samfuri 10 na irin wannan gashi. Duka ta samu sinadarai masu alaƙa da kansa a ciki, 9 kuma akwai dalma, sannan da aka zafafa su kamar yadda muke tsomawa a tafasasshen ruwa, sun fitar da sinadarai masu bin iska. Tun daga nan wuta ba ta ƙara taɓa gashi a shagona ba. Almakashi ya isa, tsomawa kuma a bayan shago muke yi, inda na kewaye da langa-langa ba rufi.

Maganar rilaksa ta fi nauyi. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Waɗanda ke miƙar da gashi da sinadari fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kansar mahaifa a wurinsu ya haura ninki biyu: kusan kashi 4 cikin 100 zuwa shekara 70, ga waɗanda ba sa yi kuma kashi 1.6. Kusan kashi 60 na masu amfani da shi a binciken baƙaƙen fata ne. Wannan fa lissafin mai zama a kujera ne. Mai tsaye a bayanta, wadda kan kwaɓa wa mutum biyar a wuni da hannu tsirara saboda wai safa na hana ta jin gashi, ina nata lissafin? Yanzu ba mai buɗe robar rilaksa a shagona sai da safar hannu, a ɗiba a rufe nan take.

Keratin kam, man nan da ake shafa wa gashi a bi shi da ƙarfe mai zafi don ya miƙe, na sallame shi gaba ɗaya. Da yawansa in ƙarfen miƙar da gashi ya hau kai sai ya saki fomalin, wanda ake adana gawa da shi a asibiti, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta daɗe da sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar. Wata Hajiya ta ce, "Haba ƙanwata, a Abuja fa kowa yi yake." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ɗakina ba zai ɗauka ba." Ba ta dawo ba, kuma aikin da tsada, na ji a aljihuna.

Gyaran da ya fi komai amfani na magini ne. Fankar sama juya iskar kawai take yi, ba ta fitar da ita, takunkumin yadi kuma ƙura yake tarewa, warin sinadari wucewa yake. Sai da na lallaɓi mai shagon kafin ya yarda a fasa bango. Aka huda can sama kusa da rufi, inda ko mai tsawo ba zai leƙo ba, aka sa ƙaramar fanka mai zuƙe iska irin ta kicin a saitin wurin wankin kai, aka buɗe wata kafa da raga a bangon da ke fuskantarta. Labule na nan yadda yake. Janareta ma, da yake gindin taga in an ɗauke wuta, na ƙara waya na kai shi nesa, don gubar hayaƙinsa ba ta da wari balle ki ankara. Da hunturu ƙura na shigowa ta ragar, sai mun riƙa goge madubi, amma yarinyar nan ta rage laluben abin shaƙarta a jaka.

Inda har yanzu muke ja da kwastomomi shi ne dayis. Baƙinsa daga sinadarin PPD yake, na rinin gashi, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuraje masu ruwa daidai shatin zanen. Amma wace amarya za ki ce wa ta tsaya a jan lalle? Dangin ango ma sai sun tanka. Nakan tambaya ko ya taɓa yi mata ƙaiƙayi. In ta ce e, ba na sa mata ko uwarta ta sa baki. In ta ce a'a, a tsakar gidansu nake zuwa in yi, kwaɓin kuma ni ke yi, ba na ba yara.