Inuwar kifi nake koya wa mutane dubawa

Aikina ɗaura na'urar sona, mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa a allo, a jiragen ruwan masu fatsa, musamman mai leƙen gefe ɗin nan da kamfanin Humminbird suka fito da ita a 2005, daga baya kamfanonin Lowrance da Garmin suka kawo nasu. Kusan duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya, wai Malam kyamara ce a cikin ruwa? Sauti ne fa kawai. Akwai wani ɗan dogon kai da muke cewa tiransdusa, a bayan jirgi ake kafa shi, yana harba sauti siriri dama da hagu kamar an tsaga ruwan da reza, sautin ya daki dutse ko kututture ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin tunda sauti a ruwa yana cin kusan mita 1500 a sakan guda. Kowace tsaga layi ɗaya ce a allo, jirgi na tafiya layukan na taruwa har hoto ya fito. Shi ya sa in ka tsaya cak ko ka sha kwana hoton sai ya jagule, a miƙe ake tafiya a hankali, kamar kilomita 5 a awa.

To nan ne masu aikin sha yanzu magani yanzu suke ɓata mana sana'a. Mutum zai kafa kan a karkace, ko daidai inda kumfa ke wucewa, ko ya bari ƙafar inji ta tare masa gefe guda, ya haɗa wayar da ta inji a bututu ɗaya allo ya cika da tsatsa-tsatsa, sai mai jirgi ya ce na'urar ce jabu. Ni sai na auna jirgin yadda yake zama a ruwa da kayansa a ciki kafin na huda ko rami ɗaya, kuma wai a haka wani zai ce aikina ya yi tsada, ai ga wane can zai yi a rabi.

Wanda ya koya min, Allah ya saka masa da alheri, sati guda ya hana ni neman kifi a allo. Ya ce layin tsakiya jirginka ne, baƙin da ke gefensa ruwan da ke ƙarƙashinka ne, faɗinsa shi ne zurfin. Ƙasa mai tauri haske take yi, laka duhu. Sannan ya ce nemi inuwa. Wallahi kwana uku ina ganin shirme, ran na huɗu sai ga ɗan farin ɗigo da baƙin tabonsa can gefe, ya ce to ka ga kifi, jakar iskar cikinsa ce ta maido sautin, baƙin tabon kuma shi ne inuwar. In inuwar ta manne da shi yana kwance a ƙasa, in ta yi nisa da shi yana sama. Har yau ba na gajiya da kallon abin nan.

Sautin da na'urar ke harbawa iri-iri ne, da kilohaz da megahaz ake auna shi: kilohaz 455 ya fi zuwa nesa, 800 da megahaz 1.2 sun fi fito da reshe da reshe amma kusa. Kwastomomi kuwa sai su buɗe zango, wato nisan da na'urar ke leƙawa a gefe, har ƙarshe a ruwa mara zurfi, kifi ya koma kamar ƙura, su dawo min da ƙorafi. Shi ya sa ba na sallamar jirgi sai mun shiga ruwa da mai shi, ya gano inuwa ɗaya da idonsa, ya ɗora mata alamar GPS, mu juyo ya jefa ƙugiya a kai.