Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gonar waken 'yan aji biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce muka yi taron nuna abin da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka noma a bayan ajinsu. An ci ƙosai, an ci alale, an watse lafiya. A wurin taron an ba ni minti biyar in yi godiya, sai lasifika ta ƙi, muryata ma ta ƙi, na ce "mun gode" sau uku na koma na zauna. Da uwargida ta ji labari sai ta ce ai wannan ba godiya ba ce, sallamar baƙo ce. To ga ta nan a rubuce. Ina roƙon wanda ya gani ya karanta wa waɗanda ba su gani ba, don mutanen da suka fi cancanta da ita ba su riƙe babbar waya.

Abin ya samo asali ne tun watan Yuni, a darasin tsirowar iri. Ina tsaye gaban allo ina zana ƙwayar wake da alli, yara suna kwafa, sai na juya na dube su. Kusan dukkansu 'ya'yan manoma ne, wasu da ƙasar gona a ƙafa suka shigo aji, ni kuma ina koya musu wake da alli. Kunya ta kama ni. Washegari na ce kowa ya zo da kwalba ko gwangwanin madara.

Mun jera kwalabe huɗu a taga, kowace da auduga da ƙwayar wake. Ɗaya muka jiƙa audugar, ɗaya muka bar ta busasshiya, ɗaya muka nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce, muka zuba man gyaɗa a sama don kada iska ta shiga. Ta huɗun tana bukatar sanyi, makarantarmu kuwa ba firji. Nan ne godiyata ta farko take: ga bawan Allah mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, wanda ya ajiye mana kwalbar nan a firjinsa har mako guda, kuma kullum da safe ya bar yara biyu su leƙa su rubuta abin da suka gani. Na tabbata har yau yana ganin malaman boko ba su da aikin yi. Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Cikin kwana huɗu kwalbar farko kaɗai ta tsira. Saiwa ta fara fitowa ta nufi ƙasa, sannan kara ya lanƙwaso ya ɗago ɓari biyun nan na waken sama. Ruwa, iska, ɗumi. Da na rubuta wannan a allo da sun manta kafin tara.

Wani tsiron muka kife shi da kwali, muka huda ƙofa ƙarama a gefe. Ya yi tsawo ya wuce 'yan'uwansa, amma siriri, rawaya kamar mai shawara, ya kuma karkata ya nufi ƙofar. Wata yarinya ta ce, "Malam, yunwa yake ji." Ban gyara mata ba, don gaskiya ta faɗa: da haske ganye ke haɗa abincinsa.

Daga nan yara suka ce kwalba ta yi kaɗan, gona suke so. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, na gode da filin bayan aji da ka ba mu ba tare da ka ce in rubuto takarda ba. Na gode wa iyayen da suka ara mana fartanya da garma da sungumi, da wanda ya aiko da kashin awaki a amalanke, da matasan unguwa da suka taya mu huɗa. Malamin gona na ƙaramar hukumarmu ya kawo mana ingantaccen iri mai saurin nuna, cikin jerin waɗanda ake kira SAMPEA, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, take fitarwa. Shi ya gaya wa yara cewa babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin wannan waken a duniya, Nijar ce ke bi mata, kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, tana da reshe a Kano inda ake bincike a kansa. Wani yaro da babansa ke kai kaya kasuwar Dawanau ya ɗaga hannu ya ce shi ya daɗe da sani. Muka ce to madalla.

Ana gobe shuka sai wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin ɗalibaina, ta aiko da ƙulli a bakin zane. Kanannado ne, fari tas, manya-manya. Saƙon da ta haɗo da shi shi ne, "A ce wa malam ya shuka wannan kusa da na gwamnatin, a gani." Haka muka raba kunyoyinmu biyu a tsakiyar Yuli.

A nan na yi wautar da ba na son in ɓoye. Na tsara komai, har jadawalin awon tsawon kara da ƙirgen ganye, amma ban lissafa da dogon hutu ba. Mako biyu da shuka aka tashi makaranta. Wato lokacin da yabanya ta fi bukatar ido, lokacin noman firi da maimai, lokacin ne aji ya zama kango, ni ma na tafi gida ganin mahaifiyata da ba ta jin daɗi.

Baba maigadi, da kai nake. Ba wanda ya sa ka, ba ko kwabo da aka ƙara maka. Kai ka riƙa buɗe wa yaran da ke kusa ƙofa duk safiyar Litinin da Alhamis, ka tsaya a kansu har su gama, ka tabbatar 'yan mata sun koma gida kafin rana ta take. Da aka shiga marka a watan Agusta ruwa ya kwanta a kwarin kunya, kai ka fita da fartanya cikin yayyafi ka fasa masa hanya, don ka san wake ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Da darɓa ta sauka a kan sabon toho, kai ka nuna wa yara yadda ake daka 'ya'yan dalbejiya a jiƙa a tace a yayyafa da tsintsiya. Littafin awon da na bari, ba ka iya karanta shi ba, amma ka sa shi a leda ka ɓoye a ɗakinka don kada ya jiƙe, kuma ba ka bar yaro ya tafi bai cike layinsa ba. Da na dawo na buɗe littafin nan na ga babu makon da aka tsallake, sai da na juya baya don kada yara su ga idona. Allah ya biya ka da gidan Aljanna, Baba. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Sai maganar awaki, wadda duk unguwa ta ji. Wani dare suka fasa darnin da muka yi, suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar, har ƙasa. Aka kira ni a waya, na taso a fusace, na je ƙofar gidan mai awakin na faɗi maganganun da bai kamata malami ya faɗa wa dattijo ba, gaban 'ya'yansa. Bai rama ba. Mai unguwa, Allah ya ja zamaninka, kai ka zaunar da mu a zaure ka ce da ni a hankali, "Malam, akuya ba ta san makaranta ba, darninka ne bai yi ƙwari ba." Kwana biyu bayan nan sai ga dattijon da 'ya'yansa da jaki ɗauke da ƙaya, suka kewaye gonar da shingen da ko kaza ba ta ratsawa. Na ba shi haƙuri a gida, amma tun da a bainar jama'a na yi laifin, a bainar jama'a nake sake cewa: Baba, ka yafe mini. Harawar da muka ɗaure bayan roro, gidanka muka kai ta, yara ne suka yanke wannan shawara da kansu. Sun ce tun da awakin sun ɗanɗana ɗanye, a bar su su ƙarasa busasshe.

Barnar nan ma ta zo mana da darasi. Cikin gindin da awaki suka gurgura, wani yaro ya tumɓuke ɗaya, ya rugo da gudu yana cewa waken ya kamu da cuta, ga ƙuraje a jikin saiwa. Muka wanke saiwar, muka tsaga ƙullutu ɗaya da reza, sai ga cikinsa ja-ja kamar tsoka. Na ce musu wannan ba cuta ba ce, baƙi ne da wake ya sauka a gidansa: wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zama cikin ƙullutun, su ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi abin da shuka za ta iya ci, shi kuma wake ya ciyar da su. Jan nan alama ce ta suna kan aiki. Naitirojin ɗin nan shi ake bi a sayo a buhun yuriya da tsada. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Shi ya sa Baba ke sa wake a tsakanin gero?" Shekarata nawa ina koyarwa, tambayoyi irin wannan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Yanzu ga Iya mai kanannado. Da aka koma makaranta a Satumba, irin Samaru ya riga ya yi fure ya ɗaure, kwansonsa na ta reto, wata biyu da 'yan kwanaki muka fara roro. Kanannado kuwa sai yaɗo yake, ya rufe kunya, ya haye shinge, ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Yara suka fara yi wa jikanyarta ba'a, wai waken kakarta rago ne. Ni ma, don Allah, na fara tunanin mu rubuta a rahoto cewa bai yi ba. Yarinyar ta kai ƙara gida, sai ga tsohuwa da kanta, da sandarta, har bayan aji. Ta duba, ta murza ganye, ta ce, "Ku ƙyale shi. Wannan ba ya fure sai damina ta juya baya. Ko yaushe ka shuka shi, lokacinsa yake jira." Na koma na bincika, na tarar maganarta daidai take da ta masana: irin su kanannado tsawon yini suke bi, sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina suke fure, ingantattun iri da yawa kuwa an zaɓo su ne don kada su damu da wannan. Haka kuwa aka yi. A Oktoba ya ɓarke da fure, a Nuwamba muka rore shi, ƙwayarsa ta fi girma, harawarsa ta ninka ta ɗayan. Na Samaru ya ba mu wake da wuri, lokacin da rumbu ke wayam a gidaje da yawa. Yara suka kasa cewa ga wanda ya ci gasa, suka rubuta duka biyun da amfaninsu. Ranar taro na sa Iya a kujerar gaba, ita ta amsa tambayoyin baƙi a kan kanannado, ni ina riƙe mata lasifikar da ba ta aiki. Iya, Allah ya ƙara nisan kwana da lafiya. Kin koyar da ajina, kin koyar da malaminsu.

Matan unguwa da suka taya mu casa da sheƙa, da waɗanda suka tashi tun asuba suka surfa wake suka kai niƙa suka soya ƙosai, da malamar lissafi da ta zauna da yara suka mayar da awonsu zane a kwali, da malamin Turanci da ya gyara rahoton bai yi mana dariya ba, da iyayen da suka bar 'ya'yansu mata suka riƙa zuwa cikin hutu alhali ga aikin gida, Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda na manta, ba raini ba ne.

Ku kuma 'yan aji biyu, na ga ƙoƙarinku, har na waɗanda suka riƙa tsinke ɗanyen kwanso suna ci a ɓoye suna zaton ban gani ba. Ya rage mana awo, amma na yafe.

Wasu sun tambaye ni wane magani muka zuba wa irin da muka ajiye. Ba mu zuba komai ba. Mun shanya shi ya bushe ƙarau, muka cika jarka har wuya, muka toshe bakin da leda muka ɗaure murfin tam. In iska ta ƙare a ciki, ƙwarin wake ba su rayuwa. Dabarar ke nan da ke cikin buhun nan na adana amfanin gona da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi. Na nace wa yara a kan wannan ne saboda yadda ake ɗura wa wake maganin ƙwari a rumbu da kasuwa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Wanda aka hana fita da shi, ai mu muke cinye shi a garau-garau.

Jarka biyu ce, ɗaya ta Samaru, ɗaya kanannado, suna ofishin shugaban makaranta sai damina mai zuwa in Allah ya kai mu. Kada kowa ya buɗe don leƙawa, in an buɗe aiki ya ɓaci. Kayan aro duk mun mayar, saura fartanya ɗaya mai ƙota sabuwa da aka ɗaure da jar roba, ba mu san mai ita ba. Tana wurin Baba maigadi.

Naku,
Malamin kimiyya na aji biyu