Dare biyu a ƙafa cikin hamadar Ennedi

Ranar da na gaya wa Inna zan shiga tseren kilomita 180 a Ennedi, arewa maso gabashin Chadi, shiru ta yi. Can ta ce, "Ɗan nan, masu ratsa wurin nan fa a kan raƙumi suke yi." Duk da haka ta ƙulle mini kilishi da dabinon Faya, ta sa mini albarka.

Daga Njamena muka bi ta Abeche da Biltine da Kalait har muka isa garin Fada, a yankin Ennedi. Tseren Le Treg ne, wanda aka fara a 2014. Ba irin Marathon des Sables na Maroko ba ne, inda tun 1986 ake raba kusan kilomita 250 zango-zango, kowa ya kwana a tanti. A nan agogo ba ya tsayawa. Guzurinka yana bayanka, ruwa sai ka kai tasha, hanya kuma na'urar GPS ce take nuna maka.

Da sanyin safiya na zabura, yadda na saba a bakin kogin Shari. Amma yashin Ennedi daban yake: ka taka, ƙafa ta nutse, rabin ƙarfinka ya tafi a banza. Kafin azahar yashi ya cika takalmina, bororo uku suka fito a tafin ƙafar dama. Na ji zafin tun yana ɗan kaɗan, na ƙi tsayawa don kada a wuce ni. Minti biyar na zazzage safa da manna filasta da sun cece ni daga ɗingishin kwana biyu. Ga shi ina ta kwankwaɗar ruwa ba gishiri, sai jijiyoyin ƙafa suka ɗaure.

A kusa da Arshe, inda raƙuma ke shan ruwa tsakanin dogayen duwatsu, kuma har yau akwai sauran kadoji a ciki, na tarar da wani dattijo makiyayi a inuwa. Da Larabcin Chadi muka gaisa. Na ce, "Baba, da sauran tafiya?" Bai amsa wannan ba. Rana ya nuna mini, ya ce ko raƙumi ba a kora shi a wannan lokaci. Ya miƙo mini shayi. Na zauna har inuwa ta miƙe, na yi taimama na haɗa azahar da la'asar, na ci dabino da gishiri. Zaman nan ne ya kai ni ƙarshen tseren. Wasu da suka wuce ni ina zaune, na same su a tasha ta gaba sun ajiye lamba, wato sun janye daga tseren.

Daga nan na koma tafiyar dare. Sanyi kuwa har cikin ƙashi, rigar da na so bari a gida saboda nauyi ita ta rufa mini asiri. Fitilar goshi ba ta haska fiye da 'yan taku, sai taurari birjik da ƙarar numfashina. A dare na biyu barci ya riƙa fizgata ina tafe, har duwatsu suka fara yi mini kama da mutane a tsaye. Na kwanta minti ashirin a gefen dutse, na tashi idona ya washe.

Da hantsi na isa. Likita ya jiƙa safata kafin ta rabu da fata. Sai da muka koma Fada na sami layin waya, na kira gida. Inna ba ta tambayi na nawa na zo ba. Cewa ta yi, "Dabinon ya ishe ka?"