Kwamfuta ta ƙi yarda da cinikina

Talata, bayan Isha'i.

Yau dai an yi wa Siennar nan rajista. Ga lambar a kan teburin falo, ban ɗaura ba, don sukudireba ta yi ɓatan dabo tun ranar da Auta ya ce zai gyara kekensa. Kamata ya yi a ce murna nake. Amma tun azahar wani abu ya tokare mini a maƙoshi. Na ci tuwo bai wuce ba, na kora da shayi bai wuce ba.

Da safe lafiya lau. Na sauke yara a makaranta da tsohuwar Corolla, wadda yanzu sai an lallashe ta take tashi. Uwargida ta shirya mini takardun a jakar leda tun jiya: takardar mallaka mai hatimin shaida daga jihar Luwiziyana, inshora, takardar gwajin hayaki, da fom ɗin 130-U na neman takardar mallaka da rajista, wanda na cike sau biyu saboda na farko shayi ya zube masa. Yau kwana 27 da shigo da motar jihar Teksas ta nan Amurka, kuma kwana 30 suke ba mutum. In ka wuce, tarar kashi 5 cikin 100 ta hau kan harajin, in ka ƙara jan ƙafa ta koma 10. Kullum sai ta ƙirga mini kwanakin nan kamar mai jiran watan Sallah.

Asalin abin daga Alhaji ne, mai tura motoci gida. Shi ya ce mini, "Malam, tsallaka Luwiziyana ka sayo a hannun mai ita. Ba dila, ba haraji. Ka miƙa masa kuɗi ya miƙo maka takarda, a wuce wurin." Rabin maganar gaskiya ce, don mai motar bai karɓi ko santi na haraji a hannuna ba, ba aikinsa ba ne. Rabin da Alhaji bai faɗa ba shi ne, a ƙasar nan harajin mota ba ruwansa da inda aka yi cinikinta, inda za ta riƙa kwana yake bi. Ko daga Delaware ko Oregon ko Montana ka jawo ta, jihohin da ba sa karɓar harajin saye, ranar da ka zo neman lambar Teksas sai ka ajiye musu kashi 6.25 cikin 100. Wannan na riga na sani kafin yau, na kuma haƙura. Har lissafina na yi a bayan ambulan: dala 7,000 na saya, haraji 437 da santi 50. Na ware kuɗin daban.

Ofishin rajistar a cike. Na ja tikitin layi na zauna kusa da wani saurayi da ya dawo daga wata jiha kwanan nan, da motar da tun can take da sunansa. Shi dala 90 kacal zai biya a matsayin sabon baƙo. Na taya shi murna a baki.

Awa ɗaya da wani abu aka kira ni. Wata dattijuwa ce a tagar, gilashi a ƙarshen hanci, ga ɗan fanka a gefenta yana kaɗa takardu. Ta duba fom ɗin, ta buga lambar jikin motar, baƙaƙen nan 17, ta buga mil nawa ta ci. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Yallaɓai, harajinka dala 575."

Na ce a'a, a sake dubawa. Na zaro ambulan na nuna mata.

Ta ce lissafina daidai ne, amma ba a kan 7,000 za a yi shi ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. A nan aka rubuta 11,500. Wannan, in ji ta, ita ce ƙimar da jiha ta ɗauka irin motar nan tana da ita, da shekarunta da tafiyar da ta yi. In a hannun mutum ka saya ba a wurin dila ba, ana ɗaukar kashi 80 na ƙimar a gwada da abin da ka ce ka biya, wanda ya fi yawa a kansa za a caje ka. Kashi 80 na 11,500 shi ne 9,200.

Na ce, "Madam, ai ban biya 9,200 ba. Ga takardar ciniki, ga sa hannunsa, ga hatimi."

Ta ce, "Ban ce ƙarya kake ba."

Na ce to me aka ce?

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin. Ta ce tun 2006 ake wannan tsarin, saboda a da mutum zai sayi mota dubu goma su haɗa baki da mai sayarwa a rubuta dubu ɗaya. Na yi shiru, don wallahi ranar da muka dawo da motar Alhaji ya ce da na bari an rubuta 3,000. Har ya ƙara da cewa ko a ce kyauta aka ba ni, tunda harajin kyauta dala 10 ne. Na tambaye shi a lokacin, ni da Baturen garin Lake Charles da ya sayar mini da motar, ɗan shekara saba'in da wani abu, wa zai yarda yayana ne? Don kyautar ma sai tsakanin dangi na kusa, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, kuma da takardar rantsuwa.

Na tambaye ta ko akwai hanya. Akwai. In kai motar wurin dila mai lasisi ko ma'aikacin inshora mai tantance ɓarna ya duba ta ya rubuta ainihin darajarta a fom na musamman, a kawo cikin kwanakin nan 30. Dila yana karɓar daga dala 100 zuwa 300. Na yi lissafi a tsaye: bambancin da nake ta jayayya a kai dala 137 da santi 50 ne. Wato in ɓata yini guda, in bar aiki, in biya wani ƙato ya zagaya motata da allo a hannu, don in ceto abin da zan miƙa masa. Kuma kwana 3 suka rage.

Na zaro kati. Da harajin, da 33 na takardar mallaka, da 50.75 na rajista, da 7.50 ɗin da suka maye gurbin duba lafiyar mota da shi tun farkon 2025, da 'yan ƙananan da ban tsaya karantawa ba, abin ya tasam ma 700. Tana miƙo mini lambar ta yi murmushi ta ce, "Ka yi sa'ar mota."

To wannan kalmar ce ta biyo ni gida.

Na fito ina huci a kan 137, har na kira Alhaji a wurin ajiye motoci na sauke masa. Ya yi dariya ya ce ko'ina haka suke, ai kwastan ɗin gida ma tun 2022 da lambar jikin mota suke yanke kuɗin fito, ba sa duba takardar da ka zo da ita. Shi ya sani, tokumbo yake turawa. Muka yi ta zagin kwamfuta. Har na ce masa ita me ta sani game da ciniki? Ni jikan 'yan kasuwa ne. Ina ɗan shekara 9 Baba yake zaunar da ni a shago a Kwari in ga yadda ake taya atamfa. Na sauke mota daga 8,500 zuwa 7,000 da bakina, wata na'ura ta ce bai yiwu ba.

Sai da na hau babbar hanya, a cunkoson azahar, ni kaɗai, abin ya juye.

11,500.

Tsohon nan 8,500 ya sa mata tun farko. Ashe ko a farashinsa ya riga ya zubar da dubu uku. Ni kuma na je na tsuguna ina nuna masa tayoyin baya sun suɗe, na kunna na'urar sanyi na karkace kai kamar na ji wani ƙara, na shafa 'yar lotsawar da ke ƙofar baya wadda ba ta kai tafin hannun Auta ba. Na ce 6,500. Ya daɗe yana kallon motar, hannuwansa a aljihu. Ya ce 7,000 in ɗauka yau. Ya ce ta matarsa ce, ta rasu a bazara, kuma duk safiya in ya buɗe labule ita yake fara gani.

Na ji maganar a lokacin. Na ce Allah ya ba shi haƙuri, da irin Turancin da ake faɗin haka. Sannan na ƙirga masa kuɗin a kan bonet, ina addu'ar kada ya canja ra'ayi kafin mu isa wurin mai hatimi. Tun daga Lake Charles har Houston, awa biyu da rabi, ina ba Alhaji labarin yadda na iya taya.

A Kwari in ka taya kaya ƙasa da ƙima, mai kaya cewa yake "albarka", ka ƙara, ya sake cewa "albarka", har ku haɗu a inda kowa zai iya kwana. Baba ba ya jin daɗin cinikin da aka sallama masa a tayin farko, yakan ce ko kayan da matsala ko mai kayan. Tsohon nan bai ce albarka ko sau ɗaya ba. Ba shi da kalmar ma. Ni da na san ta, na ga babu, na wuce.

Ban ce na yi haram ba. Shi ya sa farashi, shi ya sallama, babu wanda aka ɓoye wa komai. Na faɗa wa Uwargida haka muna cin abinci, ta ce to wa ya ce ka yi? Na ce babu. Ta ce to ci tuwonka. Can kuma tana kwashe kwanuka ta ce, ba ta kalle ni ba, "Da ka bar masa a 8,500 ɗin ma ba mu mutu ba." Ita ce fa ta ce kada in kuskura in wuce 7,500.

Sauran yinin ba komai. Na makara ɗauko yara. Zafi kamar Maris a Kano, sai dai da gumi. Yaya ya turo saƙon murya na minti 6 a kan rufin ɗakin Inna, ban saurara ba tukuna. Wai a gida mutum ya sayo mota a Legas ya yi shekara biyar yana yawo da lambar Legas a Zoo Road, sai ranar da ya ga dama ya yi canjin mallaka. Na tuna wannan a layi ɗazu har na yi dariya ni kaɗai.

Bayan Magariba na sauka da fitilar waya in saka sabuwar takardar rajista a aljihun gaban motar. Ban taɓa kwashe shi duka ba. Littafin motar, rasiɗan canjin baƙin mai a jere da kwanan wata, an ɗaure su da roba, ba wanda aka tsallake. Alewar na'ana'a guda biyu da suka narke suka manne da takardarsu. Can ƙasa kuma gilashin karatu, na mata, mai siririyar sarƙa ta rataya a wuya, ƙafarsa ɗaya an naɗe ta da salatif.

Adireshinsa yana kan kwafin takardar ciniki. Na naɗe gilashin a tishu na sa a ambulan, wancan dai mai lissafin 437 a bayansa, don shi kaɗai na samu. Na ɗauki biro in rubuta wani abu a ciki, na rubuta sunansa, na tsaya. Uwargida ta leƙo ta ce in zan saka wani abu ban da gilashin in faɗa mata tukuna, kuɗin makarantar Islamiyyar yara ranar Juma'a ne.

Babu kan sarki a gidan ma. Sai gobe, in na fita neman sukudireba.