Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙafar Ƙwaro Ɗaya Tak

A makon jiya na tsaya a daidai saukata Daura bayan shekara biyu ina karatu a Kanada, lokacin da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Da 'yan sannu da zuwa suka ragu, sai na tafi gaida Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda tun ina yaro nake riƙe masa igiya idan zai ɗaura amya a kan ɗorawa. Na same shi a zaure yana yaɓe sabuwar amya da kashin shanu, kuma ko gaisuwa ba mu gama ba ya jefo mini tambaya.

"Ɗana, an ce ƙudan zuma ka tafi karantawa. To, a ƙasar da ruwa ke zama dutse, wace zuma ce za ta rayu?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, da wannan tambayar ni ma na shiga jirgi."

Sai na ba shi labarin Churchill, wani ɗan gari a bakin tekun Hudson a lardin Manitoba, wanda babu hanyar mota zuwa cikinsa, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa da ke kwana biyu a hanya daga Winnipeg. A can itatuwa suke fara gajarta har su ƙare, kuma ƙarƙashin ƙasa a daskare yake shekara da shekaru. Irin zumarmu ta amya ba ta zama a dajin wurin. Wadda ke can wata ƙatuwa ce mai gashi, ta kai kan babban yatsa, wadda ke karkaɗa naman fukafukanta don ta ɗumama jikinta kafin ta tashi. Ba ta tara zumar da mutum zai ɗiba, domin da sanyi ya dawo duk gidan mutuwa yake yi, sai sababbin sarauniyoyi kaɗai ke shigewa ƙasa su yi barci har ƙanƙara ta narke. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ikon Allah."

Amma ba wannan ƙatuwar ce ta fi ɗaukar mana lokaci ba. Ni da abokan karatuna muna kafa wani tarko mai kama da gidan sauro, wanda wani masanin ƙwari ɗan Suwidin, René Malaise, ya ƙirƙira a shekarun 1930. Ƙwaro na tafe sai ya bugi labulen tsakiya, ya yi sama yana neman haske, ya faɗa cikin kwalba mai sinadarin itanol. Duk mako muke zuwa sauya kwalba, mutum ɗaya na tsaye yana duban hanya saboda farar dabbar nan ta ƙanƙara mai farautar nama, wadda garin ya yi suna da ita. Ranar da na fara juye kwalba a farin faranti na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na daɗe ban ce komai ba. Ƙasar da na ɗauka fayau ce, sai ga ta cike da 'yan mitsi-mitsin dangin rina, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kowace da siririn ƙugu da dogayen gashin kai.

Don Kawu ya gane su, sai na kawo masa zanzaro. Kowa ya ga yadda yake gina ɗakin laka a jikin bango, ya kawo tsutsa ya saka, ya toshe ƙofa. Ƙwai yake ajiyewa a ciki, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya ci tsutsar ya girma. Waɗancan ƙananan ba su gina ɗaki, a jikin tsutsar suke dasa ƙwan tana yawonta, kuma ta haka suke rage ƙwarin da ke cinye ganye. Su da zuma da rina da tururuwa duk gida ɗaya ne a wajen masana, kuma an riga an raɗa wa fiye da iri 150,000 suna a cikin wannan gida, ƙudan zuma kaɗai sun kai iri 20,000.

A nan wahalar take. Iri biyu kan yi kama kamar an tsaga kara, macen wani irin kuma ba ta kama da namijinta, ga shi masanan da ke iya rarrabe su da ido ba su da yawa. Shi ya sa a 2003 Farfesa Paul Hebert na Jami'ar Guelph da abokan aikinsa suka kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki guda na ƙwayar gado, wanda ake kira COI, mai harufa kimanin 650, dukkansu daga A da C da G da T. Aikina shi ne in sa ɗan hantsaki in cire ƙafa ɗaya daga kowane ƙwaro, in saka ta a faranti mai ramuka 96, in goge hantsakin kafin in taɓa na gaba, don kada na wani ya gauraya da na wani. Daga nan a narkar da ƙafar, a ninka yankin sau miliyoyi, na'ura ta karanta, sannan a gwada da rumbun bayanai na BOLD da ke intanet, inda ake tara harufan halittun da aka riga aka karanta. Galibi 'yan iri ɗaya ba su bambanta da fiye da harafi 2 cikin 100, amma tsakanin iri da iri tazarar kan fi haka.

Kawu ya yi shiru, sannan ya shafa kumatunsa ya ce, "Wato kamar zube ke nan. Kafin mutum ya buɗe baki ka san gidansu." Ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba.

Na gaya masa ranar da wannan aiki ya shiga raina. Na ware wasu baƙaƙen ƙwari a gefe guda, na rubuta cewa iri ɗaya ne, ina da tabbaci. Da sakamako ya fito, sai suka rabu gida uku. Na koma kan madubi na kwana biyu ina dubawa, har na gano ɗan bambanci a jijiyar fiffiken rukuni ɗaya, amma sauran biyun har yau idona bai raba su ba. Malamarmu ta ja mini kunne cewa harufa shaida ce, ba hukunci ba, don haka ake adana gawar kowane ƙwaro da lambarsa har masani ya duba. Da yawa daga cikin waɗanda muka karanta ma babu sunansu a rumbun, lamba kawai suke da ita.

"To, amfanin ƙirgar fa?" in ji shi.

Na ce arewacin duniya yana ɗumama da sauri fiye da sauran sassa, ƙwarin kudu suna matsawa sama, kuma wanda bai san abin da ke wurin bana ba, ba zai gane abin da ya ɓace nan da shekara 30 ba. Ina wannan bayani na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa da wuya ka wuce tsohuwar kuka ba ka ga galla a kogonta ba, yanzu kuwa sai ya yi damina bai gamu da ita ba, kuma amyar da ke kusa da gonar wake takan mutu idan an yi feshi. Ya ce, "Mu ba wanda ya ƙirga namu."

Maganar ta tsaya mini a ƙirji, domin na ƙetare teku na ƙirga na wasu, alhali ban san iri nawa ke bayan gidanmu ba. Ya tashi ya ja ni bayan rumbu, ya nuna mini sheƙar rina biyu a ƙarƙashin jinka, ya ce wannan ja ce mai zafin harbi, waccan kuma ba ta cika faɗa ba, ko da yake a idona kusan ɗaya suke. Akwai 'yan kwalabe biyu da suka rage a jakata. Na roƙe shi ya ara mini tsani da safe kafin rana ta ɗumama su, ya ce in zo bayan sallar asuba.

Yadda muka kama su, da doguwar hanyar da kwalaben suka bi kafin a karanta su, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.