Kwana Huɗu a Zariya, Ina Bin Sawun Wani Marini

Motar da na shiga a Unguwa Uku ta bar Kano da hantsi, muka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kafin azahar mun sauka a Kwangila. Guzurina littafin rubutu ne, da waya, da ƙwarya ɗaya ta goro, sai maganganu uku da aka gada a gidanmu game da kakan mahaifina: marini ne a cikin birnin Zariya, an haife shi zamanin Sarki Sambo, ya koma Kano "shekarar yunwa". Babu takardar haihuwa, babu hoto. Kabari ma ba zai taimaka ba, tunda mutanen wancan zamani ba sa rubuta suna a kan kushewa.

Daren farko a Tudun Wada na yi shi ne ina kwafe jerin sarakunan Zazzau a shafin farko na littafina, domin shi ne kalandar tsofaffin garin nan. Ba za ka ji tsohuwa ta ce 1905 ba, sai dai ta ce "zamanin Alu". Sambo ya yi sarauta wajejen 1878 zuwa 1888, Yero ya gaje shi har 1897, sai Kwasau wanda a zamaninsa Turawa suka shigo a 1902. Daga nan Alu ɗan Sidi 1903 zuwa 1920, Dallatu zuwa 1924, Ibrahim zuwa 1937, Ja'afaru zuwa 1959. Shekarun sarakunan ƙarni na 19 sukan bambanta da ɗaya ko biyu daga wannan jeri zuwa wancan, don haka a bar musu sarari. Akwai kuma tarko: Abdullahi sau biyu ya hau gadon, wanda ya ce maka "zamanin Abdullahi" sai ka tambaye shi hawan fari ko na biyu. A rubuta gidan kowane sarki kusa da sunansa, Mallawa ko Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa, saboda talaka yakan tuna gidan da kakansa ya yi wa barantaka ko da ya manta shekara.

Washegari na shiga birni ta Ƙofar Doka. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya doshi gidan da aka kwatanta masa kai tsaye. Mutum ya faɗo gida yana tambayar wa ya haifi wa, abin da zai fara zuwa ran masu gida shi ne gado ya zo nema, sai bakin kowa ya mutu. Mai unguwa ake fara gani. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, daga Kano nake, asalin kakanmu nake nema, ba gida ba, ba gona ba." Ya yi dariya ya ce gara da na faɗi haka tun daga zaure. Ya haɗa ni da yaro ya kai ni.

Ramukan rinin unguwar yawancinsu sun cike, sai bakin laso da ke leƙowa daga ƙasa. Amma dattijon da na tarar ya san ramin kowane gida, domin ramin karofi dukiya ce, ana gadonsa kamar gona. Duk mai neman kakan da ya yi sana'ar gado, rini ko ƙira ko jima ko dukanci, ya fara daga wurin sana'ar, can ake riƙe sunaye.

Sunan kuwa shi ya fi ba ni wahala. Tsohuwar gidan, wadda muke kira Goggo, ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Sai ta ce "mai gidan nan", "Malam babba", "yaron nan". Ba a matsa mata, alkunya ce. Dabarar ita ce a zaunar da jikarta kusa, ita ta riƙa faɗin sunan, tsohuwa tana gyaɗa kai. Bayan haka ga laƙabi: Garba da Habu duk Abubakar ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru ne, Iro Ibrahim ne. Yaron da ya ci sunan kakansa kuma Baba ko Abba za a kira shi har ya tsufa. Ta nan ne mutum biyu masu suna ɗaya, kaka da jika, suke narkewa su zama mutum guda a bakin zuriya, ka ji an ce wane ya yi shekara ɗari da talatin. Maganinsa lissafi: tsakanin uba da ɗa a ba da shekara 30 zuwa 35, in tazara ta haura 60 ba tare da an ce ɗan tsufa ba ne, to an tsallake mutum.

Na ce, "Goggo, da gaske shekarar yunwa marinin ya tafi?" Ta ce ita dai abin da uwar mijinta ta gaya mata, ranar da aka fitar da Sarki Alu zuwa Lokoja yana garin nan, shi ya shigo gida da labarin, bai kuma kai zamanin Ibrahim ba. Wannan ya sa tafiyar tsakanin 1920 da 1924. Babbar yunwar da ake nufi kuwa ta 1914 ce, wadda ta fi tsanani a ƙasar Kano da arewacinta, har mutane suka riƙa gangarowa kudu neman hatsi. Mai hankali ba zai bar Zazzau ya nufi Kano a wannan shekara ba. A ganina gidanmu ne suka ɗauki babban abin da suka sani suka rataya wa tafiyar, kuma haka baki yake yi: abin da ya faru yana nan daram, shekarar ce take zamewa ta manne wa yunwa, ko tauraruwa mai wutsiya ta 1910, ko annobar mura ta 1918.

Abu ɗaya ban tambaya ba, kuma ina ba da shawarar kada a tambaye shi gatsau: ɗa ne ko bawa. Ƙasar Zazzau ta yi rumada, wato ƙauyukan bayi, da yawa, dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, ba a kuma soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. In akwai wannan a tarihin gida, zai fito da kansa, ta maganar tsaga ko ta sunan garin da aka ce "can aka ɗauko shi".

Rana ta uku aka fito mini da gafaka. Littafin fiƙihu ne na wani ƙanen marinin, warwaron takardu ba ɗinki, gara ta ci gefe ɗaya. Irin wannan ba a juya shi da gaggawa. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a ɗauki hoton kowane shafi cikakke har da gefensa, a kife shi a kan na baya yadda jerin ba zai rikice ba. In ya riga ya rikice, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba. Na ɗaga takarda ɗaya ga hasken rana, sai ga tambarin jinjirin wata uku, irin takardar Italiya da fatake ke kawowa ta hamada. Tambarin yana nuna tsufan takarda, ba ranar rubutu ba, tunda malam yakan ajiye takarda shekaru kafin ya taɓa ta.

A bangon ƙarshe aka rubuta haihuwar ɗan marinin, wato kakana, da ramzi, wato shekarar da aka rubuta da haruffan Larabci, kowane harafi da adadinsa: shinun, sinun, kafun, ɗa'un. Nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Wanda ya buɗe jadawalin haruffa na ƙasashen Gabas, irin wanda ya cika intanet, zai sami 300 da 60 da 20 da 9, jimla 389, shekarar da ba ta da ma'ana a nan. Malamanmu lissafin Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, suke bi, inda shinun take 1000, sinun 300. Sai ya zama 1329 ta Hijira. Don mayar da ita Miladiyya, a ninka da 0.97 a ƙara 622, a sami 1911, shekarar da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. In an haifi uban zamanin Sambo, yana tsakanin shekara 23 da 33 ke nan lokacin da ya sami wannan ɗa. Maganar gidanmu ta biyu ta tsaya da ƙafarta.

Da yamma na leƙa Samaru. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna da kundayen digiri a kan unguwanni da sana'o'in birnin, kuma abin da ya fi amfani a cikinsu shi ne shafukan baya, inda ɗalibi yake jera tsofaffin da ya yi hira da su, da shekarunsu da unguwarsu.

Rana ta huɗu na yi sammako zuwa Kaduna, tafiyar kamar kilomita 80 ta Jaji, domin takardun Lardin Zariya na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ƙarƙashin lambar ZARPROF. Kada a je da tsammanin ganin sunan kaka a rahoton haraji. Rahoton yana ƙidaya mutane da sana'o'i da dabbobi, yana ambaton hakimi da dagaci, talaka kuwa adadi ne kawai. Sunansa yakan fito ne in ya je gaban alƙali, a shari'ar gado ko bashi ko fansar kai, kuma ta gado ta fi kowacce daraja saboda tana jera magada ɗaya bayan ɗaya. A nemi sunan da kowane irin rubutu, don Bature yakan rubuta Garuba a maimakon Garba, Momo ko Mamadu a maimakon Mamman. Na cike takardar neman fayil, na rubuta shekarun da Goggo ta ba ni, 1920 zuwa 1924, na koma benci ina jira a kawo.