Gaisuwar da ba a ƙirga mintocinta

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, haifaffiyar Mubi ce, aure ne ya kawo ta Garwa a Kamaru. Lokacin da aka haife ta, Mubi tana cikin yankin Kamaru da ke hannun Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta shekarar 1961 ta haɗe yankin da Najeriya. Saboda haka 'yan uwanta na ciki ɗaya duk suna can, ita kuwa tana nan tare da mu, kuma tun ina yaro na san cewa jin muryar dangi abu ne da ake yi wa tanadi kamar yadda ake tanadin kayan salla.

A da, kaset ake ɗauka. Inna takan zauna gaban rakoda bayan isha'i, ta gaida kowa da sunansa, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan a naɗe kaset ɗin a takarda a ba wani direba ko ɗan kasuwa mai tafiya. Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci ma labarin rashin lafiya ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Da wayar salula ta shigo Kamaru wajen shekarar 2000, muka ɗauka wahala ta ƙare, ashe wani lissafi ne ya shigo. Mai laima a bakin titi yana riƙe da waya yana duban agogo, kai kuma kana magana zuciyarka na kan kuɗin da za ka biya. Ko da muka mallaki namu wayoyin, duk lambar da ta fara da +234 kiran ƙasar waje ce, farashinta daban.

Abin da ya fi damuna a wancan zamani shi ne yadda tsadar kira ta riƙa gutsure mana ladabi. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙatarsa kai tsaye. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya mai jiki, sannan a gangaro kan abin da ya sa aka kira. Amma idan kredin sefa dubu ne a wayarka, kana iya ƙare shi ba ka fita daga gaisuwa ba. Na sha jin Inna tana cewa da babban wanta, "Yaya, ka yi haƙuri, kuɗin zai ƙare," ta katse gaisuwar dattijo a tsakiya, ta yini tana jin nauyin abin. Mu matasa kuwa muka ƙware a bip, wato ka kira ka kashe don wanda ya fi ka hali ya kira ka, har abin ya zama hanyar auna wa ya fi wa ƙarfin aljihu a dangi.

Kiran intanet ya zo ya rushe wannan lissafi ne saboda yadda yake aiki. A tsohon tsari, kamfanin wayarka yana miƙa kiranka ga kamfanin wata ƙasa, wancan ya caji kuɗin saukar kira, a tara duka a ɗora maka. A sabon tsari kuwa, wayar tana mayar da muryarka ƙananan ƙunshin bayanai, ta aika su ta hanyar da hoto da saƙon rubutu suke bi, wayar wanda ka kira ta sake harhaɗa su su koma murya. Kamfani yana ƙirga yawan bayanan da suka wuce kawai, bai damu da ko Mubi suka nufa ko Makka ba. Minti ɗaya na kiran murya ba ya cin megabait guda, shi ya sa ƙaramin forfe, wato datar da ake saya, na yini yake isar mutum ya yi hira har ya gaji. Kiran bidiyo ya fi ci sosai, kuma duk wanda ya bar wa yara waya ya san haka.

Skype ne ya fara yaɗa wannan hanya tun 2003, sai dai a wajenmu bai wuce ma'aikatan ofis da ɗalibai masu zuwa shagon intanet ba, kuma kamfanin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025 ba tare da kowa a unguwarmu ya yi jimami ba. Abin ya shigo gidajenmu ne lokacin da abubuwa biyu suka haɗu: layin 3G ya fara aiki a Kamaru a 2014 da 2015, WhatsApp kuma ya ƙara kiran murya a 2015 da na bidiyo a 2016. Daga nan aka fara ganin tsofaffi suna neman a saya musu babbar waya.

Wanda yake so ya ga rashin ma'anar tsohon farashi ya je Kuseri, garin Kamaru da ke bakin iyakar Cadi. Kana tsaye a bakin kogi kana hangen gine-ginen Njamena, gadar Ngeli ce kawai tsakaninku, mutane na ƙetarawa safe da yamma, amma idan ka danna +235 ka yi kiran ƙasa da ƙasa ke nan. Ƙanwata tana aure a Njamena, kuma kafin kiran intanet sai ta ajiye layi biyu, na Cadi da na Kamaru, tana neman inda reso, wato sabis ɗin waya, na wannan gefen yake kamawa. Yanzu lamba ɗaya ta ishe ta, domin asusun WhatsApp yana bin mutum duk inda ya sami intanet, ko ya canja layin da ke cikin wayar.

A kasuwa ma amfanin a fili yake. Ni atamfa da shadda nake sayarwa, kuma yawancin kayana daga Najeriya suke zuwa. A da sai na yi tafiya, ko in amince da bayanin dillali cewa zanen "mai kyau ne". Yanzu abokin cinikina yana buɗe bandir a gabana ta bidiyo, in ga launi, in ce ya juya bayan, mu yi ciniki a tsanake, mu duba canjin naira da sefa na ranar kafin mu tsayar da magana. Masu kai albasa Duwala da masu loda shanu daga Ngaundere haka suke yi. Ba zan ɓoye ba, kyamara tana ƙara wa yadi haske, kuma sau ɗaya na karɓi kaya da suka sha bamban da abin da na gani, don haka har gobe ban daina tura wanda zai taɓa da hannu ba idan kuɗin suna da yawa.

Sai dai inda na fi ganin darajar abin shi ne wajen waɗanda ba su yi boko ba. Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta rubuta saƙo da haruffan Turawa, balle da Faransanci. Saƙon rubutu bai taɓa yi mata amfani ba sai da ɗan aike, kuma akwai maganar da uwa ba za ta so jikanta ya rubuta mata ba. Yanzu hoton fuskar mutum take nema a waya, ta danna, ta yi maganarta da bakinta. Idan reso ya yi rauni, ta naɗi murya ta aika, wanda a ganina kaset ɗin nan ne ya dawo, sai dai ba ya jiran direba.

A shekarar 2020 Kawu ya rasu a Mubi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agustan 2019, Kamaru ma ta rufe nata a watan Maris na 2020 saboda korona, babu halin tafiya. Kwana uku wayar Inna tana jingine da filo, mata na shigowa nan Garwa suna yi mata ta'aziyya, na can ma suna karɓar waya ɗaya bayan ɗaya, aka yi addu'a tare. Ba ta ce hakan ya maye gurbin zuwa ba, kuma da aka buɗe hanya sai da ta je ta zauna da iyalansa. Amma ta ga fuskar matarsa a ranar, ta yi kuka tare da ita, abin da kuɗin kredi ba zai taɓa bari ba.

Wannan sauƙi yana da sharuɗɗa, kuma ba duka ne a hannunmu ba. Dole ɓangarori biyu su kasance da babbar waya da forfe da caji, alhali a watannin zafi wuta takan ɗauke mana na sa'o'i masu yawa. Idan ka fita ƙauyuka, sau da yawa kiran gargajiya ne kawai yake shiga. Hukuma ma tana iya toshe hanyar: a Cadi an rufe WhatsApp da Facebook daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, kuma a wannan tsakani ni da ƙanwata mun koma ƙirga mintoci, sai fa idan ta ƙetaro Kuseri. 'Yan uwanmu masu zuwa sarin kaya Dubai su ma sun san kiran WhatsApp ba ya tafiya a can, sai su koma manhajar kira ta Botim. Saboda haka ban taɓa barin wayata babu kredi ba, domin ranar da za a nemi likita ko mota da tsakar dare ba ranar jiran reso ba ce.

Yanzu kowace Juma'a bayan la'asar Inna tana kiran ƙanwarta da ta rage a Mubi. Na taɓa zama kusa ina duban agogo don son sani: sun yi minti goma sha ɗaya suna gaisuwa, sun bi 'ya'ya da jikoki da maƙwabta har da akuyar da ta haihu, kafin Inna ta gyara zama ta ce, "To, dama abin da ya sa na kira ki..."